Juya-Shi da Ɗakin Inna

A kamfanin da ake haɗa ƙananan gidaje babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Juya-Shi ake ce masa, tun daga manaja har mai gadi, kuma shi ya jawo wa kansa. Direban motar ƙugiya ne, shekara ashirin da uku yana kan kujerar nan. Gidajen da kamfanin ke yi, waɗanda mutane ke kira gidan akwati, a cikin rumfar kamfani ake gama su tsaf: ɗaki da falo da banɗaki da ɗan wurin girki, bango da rufi da tagogi, har makunnin fitila. Sai a ɗora a tirela a kai wa mai shi. Aikin Juya-Shi ya bi tirelar, ya ɗaga gidan sukutum da guda, ya dire shi a kan daɓen simintin da aka tanada. A hannun kowane direba aikin rabin awa ne. A hannunsa yana iya cin rabin yini, kuma ba don komai ba sai don faɗa.

Ga yadda yake yi. Zai ɗaga gidan ya kai shi daidai saman daɓe, saura kamu biyu ya taɓa ƙasa, sai ya danne birki. Ya leƙo ta tagar mota da fuskar nan tasa da ba ta san fara'a ba.

"Ina yamma?"

Mai gida ya nuna.

"To wane mai hankalin ne ya ce babbar taga ta kalli can? A juya shi."

Idan mai gida ya ce ai shi haka yake so, Juya-Shi ba ya doguwar gardama. Saukowa yake yi ya zauna a kan matakalar mota, ya zaro reza ya shiga yanke farce, gidan mutum na reto a sama. Mata su fito, masu wucewa su tsaya, mai gida ya kira kamfani yana kumfar baki. Manajoji huɗu ya gani sun zo sun tafi, kowanne ya rantse sai ya kore shi, babu wanda ya iya. A duk direbobin kamfanin shi kaɗai ke dire gida a kan layin alli ba tare da ya tsaga gilashi ko ɗaya ba. Abokin aikinsa mai ɗaura sarƙa, wani dattijo da suka tsufa tare a kan hanya, ya daɗe da daina ba shi haƙuri. Da ya ga an zaro reza sai ya nemi inuwa ya miƙe ƙafa.

Ba sai an yi masa kwaskwarima ba, mutum ne mai wuyar sha'ani. Gajere ne kakkaura mai ƙaton wuya, in yana magana sai ka ce jifa yake yi. Gaisuwa ma a daƙile yake amsa ta. Matarsa takan ce da ana sayar da haƙuri a kanti, da ita ce babbar kwastoma. Abin da ya fi ƙona wa mutane rai shi ne, duk tsiyarsa, yana da gaskiya. Wanda ya bari aka juya masa gida, bayan wata shida sai ka ji yana gaya wa maƙwabta ai dabararsa ce. Wanda ya kafe kuwa, har Juya-Shi ya gaji da jan rai ya dire masa yadda yake so, da zafi ya shigo sai ka tarar ya liƙe tagar da kwali da tsohon bargo, iyalinsa duk suna zaune a waje suna fifita.

Ilimin nasa ba shi da yawa, kuma bai taɓa sauya ko kalma ɗaya a cikinsa ba. Gidan akwati dogo ne siriri. Ƙananan fuskokinsa biyu, waɗanda ba su da taga, su za a ba gabas da yamma su sha ranar safe da ta la'asar, tunda ita ce ke zuwa a kwance ta shiga ɗaki har ƙarƙashin gado. Dogayen fuskokin masu tagogi su kalli kudu da arewa, inda leɓen rufi ya fito kamu biyu yana yi musu inuwa. Lokacin zafi rana na bi ta tsakiyar ka, leɓen ya tare ta. Lokacin sanyi takan sunkuyo ta kudu, ta bi ta ƙarƙashin leɓen ta ɗumama ƙasan ɗaki, ƙasan kuma ya riƙe ɗumin. Ƙananan tagogin da ke can sama a bar su a buɗe, iska mai zafi ta samu hanyar fita.

"Shi ke nan fa," in ji shi. "Ko jaki aka yi wa bayani sau biyu zai gane. Amma sai ka ga mutum da takardunsa ya ce shi hanya yake so gidansa ya kalla, don a san ya yi gida."

Ba a makaranta ya koya ba. Yana da shekara goma sha tara babansu ya kwanta ciwo a wani ɗakin haya mai rufin kwano, ƙofa da taga duk suna kallon yamma. Wata biyar tsohon ya yi a kwance. Kullum daga azahar bangon zai fara ɗaukar zafi, kafin la'asar ba ka iya jingina da shi. Juya-Shi, wanda a lokacin yake koyon tuƙi, yakan dawo ya tarar da Inna, mahaifiyarsu, tana jiƙa zane tana shimfiɗa wa maras lafiya a ƙirji, kafin ta waiwaya zanen ya bushe. Likita ya faɗi sunan ciwon da ya kashe tsohon. Juya-Shi bai taɓa yarda ba. Shi a wurinsa bangon nan ne ya kashe masa uba, kuma har yau in ya hangi gilashi yana ƙyalli da yamma sai ya ji kamar an zage shi.

Bayan shekaru, da ya shiga kamfanin, wata injiniya mai zana gidajen ta lura yana komawa gidajen da ya dire yana ɗora bayan hannu a bango. Ta durƙusa ta zana masa tafiyar rana da alli a ƙasan rumfa, ta lokacin zafi da ta lokacin sanyi. Minti goma ta yi. Ita kaɗai ce mai takardar da aka taɓa jin ya yaba, ita ma abin da ya ce shi ne, "Ba laifi."

Haushin sauran masu takarda kuwa, a kan ƙanensa ya tattara shi duka. Su biyu ne wurin Inna. Ƙanen yana makarantar kwana lokacin ciwon baba, bai ga jiƙaƙƙen zanen ba, bai taɓa bangon ba, sai masu gaisuwa ya zo ya tarar. Ya gama karatu ya samu aikin ofis, dangi suka laƙa masa Akawu. Shi ma fa ba kanwar lasa ba ne. Mutum ne mai sanyin murya da dafi a ƙarƙashinta, irin wanda zai ce maka "sannu da ƙoƙari" ka yini kana jin zafin maganar. In zai gabatar da wansa ga abokai sai ya ce, "Yayana ne, yana harkar manyan motoci," da wani ɗan murmushi a gefen baki. Juya-Shi kuma ba ya kiran aikin ƙanen da komai sai zaman kujera. Shekara da shekaru ba sa ga maciji. In sun haɗu a gaban Inna su gaisa da yatsu biyu, kowa ya kalli gefe.

Inna ta tsufa. Gwiwa ta ƙi, hawan jini ya samu wurin zama, numfashi kuma da zafi ya taso sai ya riƙa yi mata gardama. Shekara biyu ta yi a wurin Akawu a hawa na uku na wani bene, ba ta saukowa sai ranar asibiti. Likita ya ce a nema mata ɗaki a ƙasa, kuma a kiyaye ta da zafi, don zuciyarta ba za ta ɗauki wani lokacin zafin a ɗaki mai turiri ba. Akawu ya samu ɗan fili a bakin wata hanya a cikin unguwa, ya sa aka zuba daɓe, ya sayi gidan akwati. A ina? A kamfanin wansa. Kuma ko da wasa bai gaya masa ba.

A allon aikin mako Juya-Shi ya gani: sunan ƙanensa da adireshi, ga sunan wani direban a gefe. Ya tambayi manaja. Manaja ya yi ta kame-kame, daga bisani ya ce mai gidan ne da bakinsa ya roƙi kada a turo shi. Juya-Shi ya matsa gaban allon. Ya sa babban yatsa ya goge sunan direban ya rubuta nasa. Wanda aka goge sunansa yana tsaye yana kallo, bai ga dalilin da zai sa ya sayi rigima da sassafe ba.

Ranar Talata wajen ƙarfe goma tirela da ƙugiya suka isa. Hanyar tana yamma da filin. Daɓen faɗinsa ɗaya da tsawonsa, Akawu ya sa an yi shi haka don gida ya zauna a rabin baya, rabin gaba ya zama baranda. An ja layin alli yadda ƙofa da babbar taga za su kalli hanya. Juya-Shi ya sauko ya dubi layin, ya dubi sama, sai ya ga sababbin turakun lantarki a jere a bakin hanyar, ba a kai ga ja musu waya ba. Ya tambayi wani mai shago, aka ce jibi za a ja. Da zarar waya ta hau, babu ƙugiyar da za ta sake ɗaga hannu a wurin. Yadda aka dire gidan yau, haka zai zauna har ya ruɓe.

Akawu ya iso da Inna a motarsa. Ya fito da kujerar roba ya zaunar da ita a gindin katangar maƙwabci. Da ya ɗago ya ga wanda ke hawa ƙugiya, sai fuskarsa ta sauya.

"Yaya, ai ba kai na ce a turo ba."

"Na sani. Matsa daga ƙarƙashin kaya."

Mai sarƙa ya ɗaura kusurwa huɗu, ya ɗaga hannu. Gidan ya tashi daga kan tirela a hankali, fari tas, gilashin babbar tagarsa yana ɗaukar ido. Ya ratsa sama ya zo daidai daɓe, ya sauko, ya sauko, ya tsaya cak. Mai sarƙa ya sauke numfashi ya fara duba inda inuwa take.

"Ina yamma?" in ji Juya-Shi.

"Yaya, kada ka kawo min wasan nan naka a nan. Ga layi an ja. Ka dire a kan layi."

"Na ce ina yamma, Akawu. Ko ba a koya muku a ofis ba?"

"Ka fi ni sanin inda take."

"Na fi ka kuwa. Me likita ya ce game da zafi? Ka ɗauko tsohuwa mai ciwon zuciya za ka ajiye ta a bayan gilashi mai faɗin ƙofar gareji, yana kallon ranar la'asar. Gasa ta za ka yi?"

"Zan sa mata na'urar sanyaya ɗaki."

"Da wace wutar? Wadda ake kawowa awa uku a ɗauke? In an ɗauke, kai za ka taso daga kujerarka ka zo ka yi mata fifita?"

"Akwai labule."

"Labule!" Juya-Shi ya ja wani dogon tsaki da ya sa masu kallo dariya. "Zafin da ya riga ya ratsa gilashi ya shigo, labule ne zai kore shi? Kai jama'a, ku ji mai karatu."

Akawu bai ɗaga murya ba, shi dama ba ya ɗagawa. Ya matso gindin mota ya yi magana a hankali, amma yadda na kusa za su ji.

"Ni na nemi fili, ni na sayi gida. Shekara biyu tana hannuna. Sau nawa ka hau benen nan ka duba ta? Sau huɗu, ina sane. Yau ka zo da motar kamfani za ka nuna wa unguwa kai ne mai uwa."

Maganar ta shige shi, don gaskiya ce. Ba ƙin Inna ya hana shi hawa benen ba, zama a falon ƙanensa ne ba ya iyawa, amma wa zai tsaya ya yi wa wannan bayanin?

"Ka ba ni dalili ɗaya," ya ce, "dalili ɗaya tak da zai sa taga ta kalli hanya, ban da a wuce a ce ga gidan da Akawu ya yi wa uwarsa."

Akawu ya buɗe baki kamar zai faɗi wani abu. Ya dubi taron da ya kewaye su, ya dubi wansa cikin rigar aiki mai maiƙo, sai ya gyara wuyan tasa rigar.

"Ban ga wanda zan tsaya ina yi wa bayani a nan ba. Direba aka turo min. Direba ya sauke kaya ya kama gabansa."

To fa. Juya-Shi ya sauko ya zauna a matakala ya zaro reza. Awa guda ta wuce gidan na reto. Akawu ya kira kamfani, manaja ya kira Juya-Shi, wayar ta yi ta kuka a aljihu har ta gaji. Direban tirela ya yi ta danna hon yana cewa shi yana da wani aikin. Rana ta hau, inuwar katanga ta janye daga kan Inna, cikin 'ya'yanta biyu babu wanda ya lura. Mai sarƙa ne ya tashi ya kama ta ya matsar mata da kujerar.

"Babba," ta kira. Haka take kiran Juya-Shi, Akawu kuma Ƙarami. "Zo ka ji."

Ya zo ya tsaya, bai ko rusuna sosai ba saboda zuciya.

"Inna, ki yi haƙuri. Wannan aikina ne, na fi kowa saninsa a nan. Bango ɗaya ya kashe min uba ina kallo. Ba zan dire na biyu da hannuna ba."

"Ni dai da ka tsaya ka..."

"Inna, don Allah ki bar ni da shi."

Ta dube shi, ta dubi Ƙarami da ya juya baya yana latsa waya, ta haɗa hannuwa a kan cinya.

A shekara ashirin da uku, duk taurin kansa, Juya-Shi bai taɓa juya gida ba sai mai shi ya ce to, ko da a kan dole ne. Ran nan ya hau mota ya ce wa mai sarƙa ya kama igiyar kusurwa.

"Mai gida fa bai yarda ba," in ji dattijon.

"Ni ne babba a gidan. Kama."

Ya ɗaga gidan ya wuce tsayin mutum. Mai sarƙa ya ja igiya yana girgiza kai, gidan ya fara juyawa, babbar tagar ta bar hanya ta nufi kudu. Akawu ya jefa waya a aljihu ya haye daɓen da gudu, ya tsaya a daidai inda gidan zai sauka ya harɗe hannuwa a ƙirji.

"Sai dai ka dire shi a kaina!"

Juya-Shi ya dube shi ta gilashin mota. Sannan ya ɗora hannu a kan libar da ke sarrafa ƙugiya ya fara saukewa, kaɗan-kaɗan. Inuwar gidan ta rufe Akawu. Mata suka fara salati, mai sarƙa yana ihu yana ɗaga hannu biyu, Inna ta yunƙura za ta tashi gwiwa ta mayar da ita. Ƙarfen ƙasan gidan ya zo saura taki ɗaya ya taɓa gashin Akawu, kuma bai tsaya ba. Akawu ya duƙa, ya ƙara duƙawa, daga nan ya yi tsalle ya faɗa cikin yashi da gwiwoyi, wandonsa ya yage. Wasu marasa kunya suka kwashe da dariya. Gidan ya zauna a kan daɓe ko ƙara bai yi ba, bangon da ba shi da taga yana kallon hanya.

Akawu ya tashi yana kakkaɓe yashi.

"Daga yau ba ni da wa."

"Dama can," in ji Juya-Shi, ya ce wa masu ɗaure noti su zo su yi aikinsu.

Kamfani ya dakatar da shi mako biyu, kuma wallahi an yi masa da sauƙi. Ko a jikinsa. Hutun ma amfani ya yi masa, don ya lura ragowar daɓen, wanda yanzu ya zama baranda ta gefen kudu, bakinsa na yamma a buɗe yake, ranar la'asar za ta iya zurowa ta nan. Ya kawo katako ya kafa shinge mai tsayi ya toshe wurin, ya bar 'yar ƙofa, ya ajiye tankin ruwa a bayan shingen. Ya tsaya da yamma ya duba, ko tsinken rana ba ya shiga. Inna tana zaune a falo tana kallonsa ta babbar taga, bayansa kuma katangar maƙwabci ce, doguwa, ba fenti. Da ya gama ta ce, "An gode, Babba." Ya ɗauka yabo ne, ya tafi gida yana jin daɗi.

Bai riƙa zuwa sosai ba, don kada ya yi karo da Akawu. In ya zo da sassafe yake zuwa kafin aiki, ya gaishe ta a tsaitsaye, ya duba tagogin sama ya wuce. Jira yake zafi ya kai maƙura. Yana so ya zo ranar da kwalta ke narkewa, da la'asar, ya shiga ɗakin ya ji da jikinsa, kuma in so samu ne Akawu yana wurin.

Ranar ta zo. Ya tashi aiki da wuri, ya sauka a mota a bakin unguwa ya taho da ƙafa, gumi na bin bayansa. Tun daga nesa ya hangi wata tsohuwa zaune a bakin hanya a cikin rana tsamo-tsamo, ta ɗora tawul a ka. Ya yi tsaki. A ransa ya ce wasu 'ya'yan dai ba su da amfani, a bar tsohuwa a wannan rana kamar an shanya ta. Ya ƙara taku goma, sai ya gane kujerar robar, ya gane bangon da ta jingina da shi.

"Inna! Me kike yi a nan? Wa ya fito da ke?"

"Ƙafata."

Fuskarta ta jiƙe sharkaf, numfashinta na fita da ɗan sauti. Ya rikice.

"Ɗakin ne ya yi zafi? An rufe tagogin sama ne? Wa ya taɓa min..."

"Ɗaki lafiya lau. Sanyi kamar cikin randa, ko fanka ba na kunnawa. Tunda nake ban taɓa zama a ɗaki mai daɗinsa ba."

"To tashi mu shiga."

"In shiga in kalli me?"

Wata mata ta wuce da jaka a kafaɗa ta ce, "Inna, ana hutawa?" Fuskar Inna ta washe, ta tambaye ta jikin maigidanta, ta tambayi ko an samo takalmin da ya ɓata. Wani tela ya wuce a keke ya ɗaga mata hannu. Juya-Shi yana tsaye kamar baƙo. Sai da suka yi nisa Inna ta ci gaba, ba tare da ta dube shi ba.

"Kullum nan nake daga azahar har rana ta faɗi. Da safe akwai inuwa, amma kafin gwiwa ta sake ni kowa ya wuce. Shekara biyu ina saman bene ina jin muryoyin mutane ban ga fuskarsu ba. Ni na ce wa Ƙarami ya sa min taga ta kalli hanya, yadda ko a kwance nake zan ga masu wucewa. Ya ce rana, ya ce likita ya hana, duk abin da ka faɗa ran nan shi ma ya faɗa. Kwana uku muna yi kafin ya haƙura ya ce zai dasa bishiya."

Juya-Shi ya dubi bangon da ta jingina da shi.

"To me ya hana shi faɗa?"

"Abin da ya hana ka tambaya. Na kira ka, ka ce aikinka ne. Ku biyun nan in kuna faɗa a kaina ba kwa ganina."

"Zan fasa miki taga a nan. Gobe-goben nan."

"Nan banɗaki ne, Babba. Kai ka fi ni sani." Ta goge wuya da bakin tawul, ta ja numfashi da ƙyar. "Yau ƙafa tana kawo ni. Ranar da ta ƙi, sai ni da katangar maƙwabci."

Juya-Shi ya dube ta. Rana tana dukan fuskarta kai tsaye, a kwance, irin wadda ya fi tsana a duniya. Ya taka a hankali ya tsaya tsakaninta da ranar, ya buɗa kafaɗu yadda inuwarsa za ta rufe ta duka. Zafin ya sauka a ƙeyarsa. Can ƙasan hanya mutane sun fara dawowa daga aiki, Inna ta karkata kai hagu, ta karkata dama.

"Matsa," ta ce. "Ka tare min hanya."

Ya matsa, rana ta koma kan fuskarta.